Ƙwaryar Baba Iro Gyartai

Duk shekarun da na yi a gidan adana kayan fasaha na jami'armu, ranar da na kasa mantawa ita ce Alhamis ɗin da muka sake buɗe shi bayan gyara. Ku da kuka kama aiki daga baya hotuna kawai kuka gani, sabon fenti da akwatunan gilashi da rumfuna a farfajiya. Ni abin da ya tsaya mini a rai ƙwarya ce guda ɗaya.

A lokacin ni ne mataimakin mai kula da kaya, ina ƙarƙashin shugabar gidan, Dakta Hajara. Rufin ginin ya daɗe yana yoyo, shi ya sa aka rufe shi don gyara. Kafin a kwashe kaya zuwa sito, ƙa'ida ita ce a cike wa kowane abu fom: lambarsa, inda ya fito, da halin da yake ciki. Duk abin da aka rubuta wa "yana buƙatar gyara", sai a miƙa shi ga wani ƙwararre da aka ɗauko daga Kano.

Ni na cike fom ɗin ƙwaryar. Babbar ƙwaryar nono ce, ta tsage daga baki har kusan gindi, an ɗinke tsagar da siririn zaren kaba. Ni ɗan cikin garin Daura ne, a cikin robobi da kwanonin silba na tashi. Ina ganin ɗinkin na ce a raina babu ce ta sa aka lallaɓa ta haka. Tsohuwar rajistar da aka rubuta labarin kowane kaya tana can ƙasan kwalaye, ƙiwa ta hana ni tono ta. Na ja biro na rubuta tana buƙatar gyara, na sa hannu.

Ƙwararren ya yi abin da aka sa shi, ba ni da bakin zarginsa. Ya warware ɗinkin, ya haɗa tsagar da gam, ya cike hujojin, ya shafa launi. Ƙwarya ta dawo sumul kamar yau aka fafe ta, har yabonsa na yi.

Ana saura mako uku a buɗe, Dakta ta ce in fito da sunayen duk waɗanda suka taɓa ba mu kyautar kaya. Wannan karon ba manyan baƙi kaɗai take so ba, so take mutanen gari da na ƙauye su cika gidan. Sai a lokacin na tono rajistar. A gaban lambar ƙwaryar an rubuta: kyautar Iro Gyartai na Zango, an karɓe ta saboda ɗinkin. Ga waɗanda ba su riske su ba, gyartai su ne masu bin unguwanni da rugage suna ɗinke fasasshiyar ƙwarya, kafin roba ta kashe sana'ar.

Na kai wa Dakta rajistar, ta karanta. Na buga wa ƙwararren waya ko zaren yana nan, ya ce tuni aka share shi. Dakta ta ce a aika wa Iro Gyartai katin gayyata kamar kowa, ba za a tsallake sunansa don rufa wa kanmu asiri ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, fata nake yi a ce tsufa ya hana shi tafiya.

Ya zo. Bayan azahar, an gama jawabai jama'a sun watsu cikin ɗakuna, sai ga wata mata riƙe da sandar wani tsoho tana tambayar inda aka ajiye ƙorai. 'Yarsa ce, Lantana. Ta ce tun safe suka shigo motar haya daga Zango, kuma tun da katin ya iso babu wanda Baba bai gaya wa ba cewa aikinsa yana jami'a. Ita kanta ba ta taɓa ganin ƙwaryar ba, labarinta kawai take ji. Idanunsa sun yi yana, sai ya roƙa a sa masa ita a hannu.

Dokarmu ba a taɓa kaya. Na dubi Dakta, ta gyaɗa kai, na buɗe gilashin.

Ya juya ta, ya shafa ciki, ya shafa baya.

"Ɗana, ka ɗauko ta wani," in ji shi. "Tawa ɗinkakkiya ce."

Ƙarya tana bakina. Saura kaɗan in ce masa tasa tana sito. Sai na ga babban yatsansa ya tsaya a bakin ƙwaryar, ya sami layin tsagar a ƙarƙashin launin, ya bi shi a hankali har gindi. Ya sake bi.

"Ita ce," ya ce. "Wa ya warware?"

"Ni na sa, Baba. Ban sani ba."

Bai yi faɗa ba. Ya ba mu labarin cewa ƙwaryar wata Bafillatana ce da ta gada wajen uwarta, saniya ta taka ta. Kwana uku ya yi a kanta, kuma da ya gama aka cika ta da nono ko ɗigo bai fita ba. Da matar ta tsufa ta aiko masa da ita, shi kuma ya ba jami'a don ya ji an ce a nan abu ba ya lalacewa. Dakta ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta tambaya ko zai iya sake ɗinkin idan an buɗe tsagar. Ya ɗaga hannuwansa muka ga yadda suke rawa. Ya ce ko da hannun, babu idon, kuma babu wanda ya tsaya ya koya a wurinsa.

Ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"An gyara ta da kyau," in ji shi. "Sai dai ni ba na ciki kuma."

Ya sa mana albarka, Lantana ta kama sandar suka fita ta tsakiyar masu ɗaukar hoto. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da damina ta zagayo ya rasu. Na je ta'aziyya Zango, Lantana ta shiga ɗaki ta ɗauko mini basillarsa, wadda yake huda ƙwarya da ita. Ita ce kuke gani a gilashi kusa da ƙwaryar.

Tun daga nan aka ƙara layi a fom ɗinmu: an taɓa gyara shi, kuma wa ya gyara? Kada ku cike shi da ka. Ku buɗe rajista, in ba ku samu ba ku je ku tambayi masu abin, domin abin da muke gani aibu wani lokaci shi ne dalilin kawo kayan. Har yau baƙi na yabon santsin ƙwaryar nan, suna tambayar me basilla take yi kusa da abin da babu ɗinki. Sai in tsaya in gaya musu, kuma da sunana nake farawa.