Tuwon da Ban Kai wa Umma Ba

A gidanmu na unguwar Sheshe, idan aka sauke tuwon dare ba a saurin kashe wutar murhu. Iya, kakarmu ta wajen uba, takan jawo kujerarta kusa da garwashin ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa, mu jikoki mu zagaye ta. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ina aji huɗu a firamare. Maza suna zaure da rediyo suna musun siyasa, mu kuwa tatsuniya ce a gabanmu.

Mahaifiyata, Umma, ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa. Da safe awo da rigakafi, da yamma ta rataya jaka ta bi lunguna tana duba masu jego da yara masu gudawa. Na sha ganinta a gidajen mutane tana wasa da jariran wasu, tana lallashin maigida har ya yarda a kai matarsa asibiti. Amma in ta dawo gida, da ƙyar ake jin muryarta.

Ran nan ta shigo bayan magariba, na tare ta da sakamakon jarrabawa, na zo ta biyu. Ta dafa kaina, ba ta ko kalli takardar ba.

"Bari sai da safe, Hauwa."

A gaban kowa na ce, "Da 'yar wasu ce ni ai da kin duba. Ke a waje kawai kike da kirki."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Kwanon tuwonta na nan a rufe.

Iya ba ta yi min faɗa ba. Ta gyara itace ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso."

A wani gari mai yawan ƙaya, in ji ta, akwai wata mata da ta iya cire ƙaya ba a ji zafi ba. Kowa ya taka, ita ake kira. Duk wadda ta cire sai ta soke a gefen zaninta, don kada wani ya sake takawa. Kafin yamma zanin ya cika. In ta koma gida 'ya'yanta suka rugo za su rungume ta, sai ta ja da baya. Su kuma suka riƙa cewa uwarsu ba ta son su.

Ƙanena Sani ya ce, "Sai me ya faru, Iya?"

"Nan wadda ta ba ni ta tsaya. Ni dai na sha tambayar kaina, a cikin yaran nan babu wanda ya taɓa duba zanin?" Ta juyo. "Hauwa, ɗauki tuwon nan ki kai wa uwarki."

Na gane sarai da ni ake. Sai na kwanta a tabarma na rufe ido kamar barci ya kwashe ni. Ina ji Iya ta dafa bango ta miƙe da nishi, ta ɗauki kwanon da kanta ta kai wa surukarta.

Sai da na yi aure, na haihu, Umma ta yi ritaya, na iya tayar da maganar. Muna tsince shinkafa na nemi gafararta. Ta ce wallahi ba ta tuna na faɗi haka ba. Amma da na ambaci jarrabawar, sai hannunta ya tsaya.

"Ranar ce wata jaririya, Bilkisu, ta rasu. 'Yar wata bakwai, a unguwar Soron Ɗinki. Sati biyu ina zuwa gidan. A cinyata ta cika, uban ya ce ni na ja. Na wanke fuska na shiga gida uku bayan nan, don suna jirana."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Iya a matsayin faɗan da ta ƙi yi min a fili. Yanzu ina ganin roƙo ne: tsohuwa ce ta ga mace ta ƙarar da haƙurinta a waje, tana neman wanda zai tausaya mata a gida. Taku goma ne tsakanin tabarmata da ɗakin Umma. Umma ta yafe abin da ba ta ma riƙe ba, ni ce har yau in na tuna nake sunkuyar da kai.