Na-Allah, makaniken da ke saurare da ƙafa

Duk wanda ya taɓa tura mota a Malanville ya san Na-Allah, don wurinshi ake turawa. Garejin nashi na bayan tashar 'yan Gaya, rumfa ce ta kwano da benci guda, sai tarin tsoffin tayu da awaki suka mayar gidan haya.

Ɗan Garou ne, ɗan manomin shinkafa. Yana saurayi ubanshi ya aiko shi gari ya sayo bel na injin ban ruwa. Ya tarar ana kwance wata mota, ya tsaya kallo. Bai koma gida ba sai bayan shekara uku, kuma babu bel ɗin.

Shekara arba'in kunnenshi ke ciyar da shi. Mota na gangarowa daga gadar kan iyaka ta hanyar Gaya, tun ba a ganta ba zai faɗi mai ita da ciwon da ke damunta. To sai kunnen ya fara ritaya ba tare da ya nemi izini ba. Na hagu ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Na-Allah ya ɓoye abinshi. In ka gaishe shi ya ce lafiya lau, in ka tambaye shi hanyar kasuwar albasa, nan ma lafiya lau. Bara sau biyu yana sa a kwance inji lafiyayye. Direbobi suka fara bi ta bayan garejin kamar masu gudun jandarma.

Ɗiyarshi Rauda, mai sai da shinkafa a babbar kasuwa, ita ta zaunar da shi. Ta ce, "Baba, in ka ƙara kuskure guda, ka rufe wurin nan ka koma Garou korar tsuntsu a gona." Ya yi mata alkawari, galibi don bai ji rabin maganar ba, amma rabin da ya ji ya hana shi sukuni.

Wata Alhamis da rana sai ga Khalidu da tsohuwar motarshi mai giyar hannu. Khalidu ɗan kabu-kabu ne a da, shekara goma kan babur, kwanan nan ya samu motar yana jigilar albasa zuwa Gaya.

"Baba, motar nan kuka takai," in ji shi. "Makanikai biyu sun ce bwat ce ta mutu, akwatin giya gaba ɗai. Ni ko in bwat ta mutu, na koma babur."

Sidiki, tsohon direba mai bakin tsiya, yana kan benci yana cin goro. Ya ce, "Ka kawo kuka wurin wanda ko kiran salla sai an taɓa shi?"

Na-Allah ya ga ana dariya, shi ma ya yi. Ya sa aka tada motar, ya karkata kai yadda ya saba. Shiru. Bakin Khalidu na motsi, yana nuna ƙasan mota, yana yatsina fuska, amma shi abin da ke zuwa mishi kamar ruwan kogi daga nesa. Ga Rauda ta iso da kwanon abincin rana, ta tsaya a bakin rumfa tana kallo. Sai ya ga kanshi a gona riƙe da gwangwani, yana yi wa tsuntsaye ihu.

Ya shiga motar don ya ɓuya daga idon mutane. Takalminshi ya maƙale a ƙofa, ya bar shi nan. Ya ɗora tafin ƙafa tsirara kan fedar ambiriyaji, wadda 'yan Najeriya ke ce wa kuloci. Bai taka ba, lafiya lau. Ya ɗan danna, sai wani kaikayi ya hau mishi ƙafa har gwiwa, kamar ya taka buhun ƙudan zuma. Ya saki, kaikayin ya ɗauke. Ya sake dannawa, ya dawo. Sau biyar yana yi, yana murmushi shi kaɗai.

Ya fito da ƙafa guda babu takalmi. "Khalidu, sai ka taka take kuka, in ka saki ta yi shiru. Haka ne?"

Khalidu ya gyaɗa kai.

"To bwat ba ta da laifi. Da ita ce, sai ka saki za ta yi kuka, ka taka ta yi shiru. Wanga bute ne, ɗan zoben ƙarfen da ke danna ambiriyaji. Ya bushe."

Sidiki ya matso daf da kunnen dama ya ɗaga murya. "In an buɗe ba shi ba ne fa?"

"Sai ka raka ni Garou, ka riƙe mini gwangwani."

Kafin a kai ga bute sai an sauke bwat, don haka Khalidu da Sidiki suka tuɓe riguna. Har la'asar ana fama, Rauda ba ta koma kasuwa ba. Da Na-Allah ya zaro zoben, ya juya shi da yatsa, sai ya yi ta ƙaƙarewa kamar an zuba mishi yashi. Ya miƙa wa Sidiki. Sidiki ya juya, ya haɗiye goronshi.

Na-Allah ya nuna robar fedar, ta cinye har ƙarfe ya fito. "Kai ɗan kabu-kabu, kan babur hannunka ba ya barin kulocin, shi ne ka koya wa ƙafarka. Kana layin duwan, 'yan kwastan, a gada, awa biyu, ƙafa na kwance bisa feda kamar matashin kai. Cire giya, sauke ƙafa, ba wanda zai sace ta."

Sannan ya juyo ga jama'a, ya ce, "Kuma ku daina gulma a bayana. Ba na ji. Ku yi a gabana, duk ɗaya ne."

Rauda ta ajiye mishi kwanon, abincin ya huce tun tuni. Ba ta ambaci Garou ba. Ran kasuwa ta aiko mishi da silifa, wai ta fi saurin cirewa.

Wanda ya fara kawo mota washegari Sidiki ne. Ya ce ba komai ba ne, ɗan ƙara ne kawai yake ji a baya. Na-Allah ya dube shi, ya zare silifa guda, ya miƙa mishi ya riƙe.