Yayen Wata Bakwai

Tun ina da cikin 'yata nake da wani tsoro da ban gaya wa kowa ba. Ni ban san fuskar mahaifiyata ba. Ina goye ta rasu, gwaggona ce ta raine ni a Makoda. Sai in riƙa kallon jaririyar tana shan nono, hannunta riƙe da kunnena kamar yadda ta saba, ina cewa a raina, Allah Ka bar ni har ta san ni.

Tana wata takwas na fara ganin jini in na zaga bayan gida. Uwar mijina ta ce basir ne, kowace mai shayarwa tana yi. Aka sayo min sassaƙe a kasuwar Bici wurin mai tallar magani da lasifika, na yi ta jiƙawa ina sha har aka cire gyaɗa. Jini bai tsaya ba. Maigidan ne ya lura tuwona yana dawowa yadda aka zuba shi, ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti, su kuma suka tura mu Kano.

Bayan gwaje-gwaje likita ta ce ciwon daji ne a babban hanji, amma bai bazu ba. Za a yanke wurin, sannan a yi ta ƙara min ruwan magani mai ƙarfi.

"Sai kin yaye ta," in ji ta. "Maganin yana bin nono."

"Likita, ko shekara ba ta cika ba."

"Na sani. So nake ki ga aurenta."

A wurinmu, gidan kaka ake kai yaro yaye, uwa ba ta leƙawa sai ya manta nono. Gwaggo ta zo ta goya ta. Na kowa mako biyu ne, nawa wata bakwai ya yi, ina tsakanin gadon asibiti da gidan wan mijina a Kano. Tafin hannuna ya yi baƙi. Ruwan randa in na taɓa, kamar an soka min allurai. Warin daddawa kawai sai amai. Duk wannan bai dame ni ba kamar tunanin an ce ta manta nono, kuma ta manta har da ni gaba ɗaya.

Ranar da likita ta duba hoto ta ce ba ta ga komai ba, sai dai in riƙa dawowa ana dubawa, na ce wa maigidan Makoda za mu fara zuwa.

Yarinyar na ganina ta ɓuya bayan Gwaggo, tana tafiya da ƙafarta.

"Ke ja'ira, wa kike gudu?" Gwaggo ta ce. "Ni na gaji da fitsarinki, ga uwarki nan ta zo."

Ban miƙa hannu ba. Na zauna a tabarma ina fere mangwaro, hawaye na zuba. Ta daɗe tana leƙe. Mangwaron ne ya jawo ta. Ta karɓa, ta hau cinyata tana tsotsa, sai na ji hannu mai danƙo ya lalubo kunnena ya riƙe.

Ke 'yar'uwa mai karanta wannan, in kin ga jini, kada ki ce basir ne ki yi shiru. Ki je a duba ki. Ni kuma ki sa ni a addu'a, bayan Sallah zan koma gwaji.