Shekarar da Mura Ta Tafi da Harshen Olindo

A tudun Cupramontana ba mai sa almakashi a jikin inabi sai Olindo ya ce a sa. Ba muƙami gare shi ba, gonarsa ma ba ta kai rabin ta maƙwabcinsa Quinto ba. Harshe Allah ya ba shi. Shekara arba'in da uku ke nan, duk watan Satumba sai ya gangara gona da sassafe, hannu a baya kamar mai duba fareti, ya tsinki ƙwayar inabin Verdicchio guda, ya tauna har ƙwallon, ya tofar. In ya ce saura kwana huɗu, to saura huɗun ne. A yanka da wuri, farar giyar da ake yi da inabin ta fito da tsami mai kashe haƙori. A makara kuma ta yi lami, ta rasa ɗan ɗacin nan na ƙarshen harshe da ke sa soyayyen kifi ya san ya yi aboki.

Wata shekara mura ta kama shi, da za ta tafi ta haɗa da harshen. Inabi a bakinsa ya koma ruwan famfo. Bai gaya wa kowa ba. Kwana uku yana gangarawa, yana tauna, yana gyaɗa kai yana cewa tukuna, ga rediyo na ta sanarwar ruwa na tafe daga teku. In ruwa ya tarar da nunannen inabi kuwa ruɓa ce, ta tudun baki ɗaya.

Matarsa Ersilia ce ta kama shi ranar Talata. Da gangan ta dafa taliya babu gishiri ko ƙwaya, mutumin ya share kwano har da yabo.

"Tsoho, tun yaushe?" ta ce.

Ya yi musu, ya kawo zancen haƙori, ya kawo na shekaru, can dai ya sunkuyar da kai ya ce sati biyu.

Washegari ta bi shi da kwando, wai za ta tsinko ganyen miya. Suna shiga tsakiyar gona ta kai ƙwaya baki, ta ƙara wata daga gefen inuwa. Ta ce zaƙi ya kai, tsamin bai gudu ba, ƙwallon na ƙaras-ƙaras, gobe a yanka. Olindo ya tambaye ta a ina ta koyi aikin.

"A bayanka mana. Duk shekara ina ɗanɗanawa. Sau biyu ka kuskure da kwana ɗaya, na yi shiru don a zauna lafiya."

Ya nufi shagon kofi, ya gyara murya, ya sanar da Alhamis. Quinto ya ajiye kofinsa a hankali.

"Mutumina, kai ka faɗa ko mai tsinkar ganye? Ni dai tunda nake ban taɓa ganin ganyen miya ya fito a saman kurangar inabi ba."

Shagon ya ɗauki dariya. Olindo ya yi jajir har kunne, sannan ya faɗi gaskiya duka. Aka ɗan dubi juna. Quinto ya ce matar da ta ciyar da Olindo shekara arba'in bai taɓa mayar mata da kwano ba, shi ya yarda da harshenta, ya tashi neman almakashinsa.

Kwana uku ana yanka, ran Lahadi ruwa ya sauko ya tarar da ganye kawai. A rumfar Quinto aka ci miyar kifi da gasasshen burodi, aka buɗe giyar bara. Ersilia ta zauna kusa da mijinta tana faɗa masa abin da yake sha, ga lemun tsami, ga ɗan gishirin teku, ga ɗacin ya iso. Shi kuma yana ta gyara mata.

Harshen ya dawo a Nuwamba. Amma tun daga nan, duk Satumba su biyu ke gangarawa, ana jiyo gardamarsu tun daga kan titi, mutanen tudu na wasa almakashi suna jiran su gama.