Itacen Malam Ya Je Suna a Lyon

Tashi daga Clichy-sous-Bois

Ranar Juma'a, muna idar da sallar asuba muka kulle gida, ni da Malam maigidana, muka nufi Lyon sunan jikanmu na fari. 'Yarmu Nana ce ta sauka, an samu namiji. Mutanen Maraɗi da ke ta kirana kuna tambayar yadda aka yi, ga shi na zauna na rubuta, don duk wadda na fara ba labarin a waya sai batir ya mutu ban kai rabi ba.

Sai na fara gaya muku zancen tano, gangar ƙarfen nan. Tun bara Malam ya kamu da son bandar nama irin ta zamani. Ya samo tsohon tanon man gyaɗa, ya sa maƙeri ya yanka masa ƙofa, ya ɗora bututu a ka, ya liƙa agogon auna zafi a jiki. Gawayi a ƙasa, nama a sama, 'yan guntayen itace cikin gawayin suna ba da hayaƙi, a rufe a yi ta jira. Mutumin da ko shayi bai taɓa dafa wa kansa ba, yanzu in ya fara zancen itace sai an kira salla.

Da aka ce Nana ta haihu, bai shawarce ni ba ya kira Alhaji Buba, uban mijinta, ya ce ragon suna a bar masa. Alhaji mutumin Garwa ne. Tun bikin yaran nan, tsakaninsa da Malam gaisuwa ce mai tsawo, amma babu hira. Malam bai so a kai masa 'ya nesa ba, Alhaji kuma ya sani. To in ragon nan ya yi ɗaci, a gaban surukai zai yi, kuma ni ce zan zauna cikin mata ana kallona.

Muka ɗaure tano a bayan motar kaya da muka aro. Malam ya rufe shi da bargona mai kyau. Akwatina kuwa a cinya na riƙe.

Barbès

Mun ratsa ta Barbès gari na wayewa, 'yan kasuwa na buɗe shaguna kusa da gadar jirgin metro. Hajiya Ladi, 'yar garinmu mai sayar da kayan miya, tana jiranmu da garin ƙuli da yaji. Muna cikin gaisawa wayar Malam ta yi ƙara. Sani ne, mijin Nana, wanda aka ɗora wa neman itace.

"Baba, kada ku damu, na tara muku itace da yawa. Palet ne na ɗora kaya, daga masana'antar da nake aiki."

Malam ya ce, "Masu fenti?"

"Wasu shuɗi, wasu ja. Sun bushe sosai."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Malam, ya kashe wayar. Unguwarsu Sani, Saint-Fons, unguwar masana'antun sinadarai ce. Allah kaɗai ya san abin da aka zubar a kan katakon nan. Abin da Malam ya riƙo daga gida kuwa 'yar leda ce ta ɓarɓashin itace, irin wanda kafin ka juya ya zama toka.

Hajiya Ladi ta ce, "To ba sai ku gasa shi tsire ba, kowa ya huta?"

Malam ya dube ta kamar ta zagi wani nasa. Na ja hannun rigarsa muka tafi.

Babbar hanya

Daga Paris zuwa Lyon kilomita ɗari huɗu da wani abu ne. Kusan ɗari na farko Malam kallon dazuzzukan gefen hanya kawai yake yi, yana cewa a hankali, "Dubi itace." Na ce ya dubi hanya.

A wurin biyan kuɗin hanya ma'aikatan duwan masu binciken kaya suka nuna mana gefe. Wani dogo mai furfura ya buɗe baya, ya ɗaga bargo, ya ga tano da bututu da agogo. Ya dubi abokin aikinsa. Sannan ya ɗaga ledar yaji, ya kwance, ya kai hanci. Na so in hana shi, Faransancina bai fito da wuri ba. Ya yi atishawa har hularsa ta karkace.

Da ya samu kansa ya tambayi Malam amfanin tanon. Malam ya fara bayani, ni kuma na ce a raina yau sai azahar. Ashe mutumin shi ma ɗan hannu ne, kakansa na bandar kifi a ƙauye.

"Da wane itace za ka yi?"

"Matsalar ke nan, Yallaɓai. Ba ni da shi."

Sai ya zama su biyu ne a tsaye bakin hanya suna shawara, motoci na wucewa. Ya ce mu sauka kusa da Beaune, mu bi ƙaramar hanya ta cikin gonaki, za mu ga gidajen da ke sayar da itacen wuta. Ya ƙara da gargaɗi: kada mu yarda da itacen sapan, wanda ake ƙawatawa lokacin Kirsimeti, ƙaronsa na sa nama ɗaci. Malam ya ce ya sani, amma ya gode. Suka yi musabaha kamar tsofaffin abokai.

Wani ƙauye kusa da Beaune

Wajen hantsi muka sauka. Ko'ina gonakin inabi ne a jere kan tudu. A gida na biyu da muka tambaya muka samu wani tsoho mai suna Rene, gajere mai faɗin ƙirji, da rumfa cike da itace har rufi.

Malam ya shiga rumfar nan kamar amarya a shagon atamfa. Ya ɗauki gungume biyu ya gwara su. In suka yi ƙara tas, ya ce sun bushe. In suka yi dum, ya ajiye, wai ɗanye ne, hayaƙinsa fari ne mai yaji. Wanda ɓawonsa ya yi fumfuna ya ture gefe. A ƙarshe ya tsaya kan iri biyu. Ɗaya shi ne wanda suke kira shen, mai nauyi kamar ƙiryarmu ta gida, hayaƙinsa da ƙarfi, ya dace da rago. Ɗayan itacen tuffa ne, mai sanyin ƙamshi. Ya ce zai haɗa su, tuffa ya fi yawa, don kada shen ya danne yajin Hajiya Ladi.

Tsoho ya ce yana da abin da ya fi waɗannan duka. Ya shiga ciki ya fito da wasu guntaye masu ja a gefe ɗaya, ya miƙo da alfahari. Malam ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Kin ji ƙamshi? Kamar zabibi."

Na karɓa na shaƙa. "Malam, tambaye shi daga ina."

Tsohon tanon giya ne aka farfasa, wanda ya shekara da shekaru yana jiƙe. Malam ya ajiye shi a hankali, ya goge hannu a wando, ya goge hanci, ya sake goge hannu. Ya yi wa tsohon bayani cikin ladabi. Tsoho ya yi dariya har yana tari, ya ce to busassun rassan inabi fa? Nan Malam ya rikice, ya juyo gare ni da Hausa.

"Shi kuma wannan ya halatta?"

"Inabin da ka ci jiya bayan tuwo, a jikin me ya fito?"

Ya karɓi dami ɗaya.

Saura yanka. Malam ya ce yana son kowane guntu kamar dunƙulen hannu. Wanda ya fi haka ƙanƙanta zai cinye da wuri, a yi ta buɗe tano zafi na gudu. Wanda ya fi haka girma zai danne gawayi ya yi ta turnuƙa. Tsoho ya dunƙule nasa hannun ya nuna, ga shi kamar kan jariri. Malam ya dunƙule nasa, siriri dogo. Suka tsaya suna kallon hannuwan juna. Matar tsohon, wadda ta kawo mana kofi da cuku, ta kamo hannuna ta dunƙule ta ɗaga sama. Aka yanka a kan nawa, da ɗan ƙari. Buhu uku muka ɗauka, akwatina ya samu abokin zama a cinya.

Saint-Fons, yammacin Juma'a

Mun shiga Lyon bayan la'asar, muka sha cunkoso a ramin da ke ratsa dutse, muka gangara kudu inda dogayen bututun masana'antu ke tsaye. Na ga Nana, na ga jikana, jajir da shi da gashi kwance. Malam ya ɗauke shi ya yi masa addu'a, ya daɗe bai miƙo shi ba. Sani ya nuna masa tulin palet. Malam ya yaba ƙoƙarinsa, ya ce za su yi kyau a zauna a kai.

Alhaji Buba yana da ɗan lambu a bayan unguwa, cikin waɗanda ake ba ma'aikata su shuka kayan miya. Can aka kafa tano. Malam ya ce a gwada da kaji biyu kafin gobe. Ya hura gawayi, ya binne guntu uku a ciki, ya rufe. Alhaji na tsaye da hannu a baya.

"Malam, itacen ke nan?"

"Shi ke nan, Alhaji."

"Mu a Garwa gungume muke sawa."

"Haka ne, Alhaji. Allah ya ƙara girma."

Malam ya tafi alwala. Ina zaune da Hajiya Dija, matar Alhaji, muna tsinke alayyafo, na ga Alhaji ya ɗauko wani gungume da ya kai cinyata, ya buɗe ƙofar tano ya tura. Suruki ne, me zan ce? Na ci gaba da tsinke alayyafo. Kafin Malam ya dawo farin hayaƙi ya rufe lambun, maƙwabcin da ke ban ruwa yana tari yana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana.

Malam ya ga gungumen, ya ga Alhaji, ya zaro shi ya ajiye gefe. Da kajin suka fito baƙi ƙirin aka zauna ci. Malam ya gutsura ya ce, "Alhamdu lillahi." Alhaji ya gutsura ya ce, "Madalla." Suna tauna, idanunsu na ruwa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara ajiyewa. Hajiya Dija ta ɗanɗana ta tofar a tafin hannu.

"Alhaji, wannan ai kamar an lashi gindin tukunya. Gobe mutane za ka ba haka?"

Sai Alhaji ya fara dariya, kafaɗunsa na rawa, Malam ya kama. Alhaji ya ce, "Malam, nuna mini girman da kake so." Malam ya waiwayo yana nemana. Haka na miƙa hannuna a dunƙule a gaban surukina, ina rufe fuska da mayafi.

Asabar, ranar suna

A nan ba a yanka a ƙofar gida. Mahauci ya yanka ragon a mayanka ya kawo shi a gyare. Da sassafe tsofaffin biyu suka shafe shi da ƙuli da yaji, suka jera a tano. Guntun shen ɗaya, na tuffa uku, rassan inabi kaɗan a kai don wuta ta kama. Alhaji ne da kansa yake zaɓo guntayen, yana juya kowanne a hannu kamar mai sayen goro. Suka jawo palet ɗin Sani suka zauna, ina jin su daga rumfar mata suna gardamar ko ragon Azawak ya fi na Adamawa kitse.

Hayaƙin ya fito siriri, shuɗi-shuɗi, sai ka lura za ka gan shi. Duk baƙon da ya iso, Malam sai ya tare shi ya nuna masa bututu. "Ka gani? Hayaƙin kirki ke nan. Ko ka sa fuska a ciki ba ya shiga ido."

Da hantsi maza suka cika tabarmi, liman ya zauna. Mu duka mun ɗauka sunan Alhaji za a sa, tunda ɗan fari ne kuma jikan gidansu. Malam yana can gefe a tsugune, rabin hankalinsa na kan agogon tano. Alhaji ya matsa ya raɗa wa liman. Liman ya faɗa da ƙarfi. Sunan Malam ne. Ba zan rubuta shi ba, kun san dalili.

Malam ya miƙe, ya sake tsugunawa. Aka shafa fatiha bai sauke hannu ba. Da na kai masa ruwa na tarar yana goge ido da hula.

"Hayaƙi ne," in ji shi.

"Wanda ba ya shiga ido?"

"Iska ce ta juya."

Bayan azahar aka buɗe tano. Naman ya yi ja kamar an shafa masa lalle, ƙashi na zamewa da kansa. Ba a yi surutu wajen ci ba. Maƙwabcin jiya mai tari ya samu nasa a faranti, ya dawo da farantin da tumatir a ciki. Hajiya Dija ta ɓoye wa mai jego cinya guda tun kafin a ankara, Nana ta cinye ta tana tambaya ko da gaske Baba ne ya yi.

Komowa

Lahadi da safe muka kamo hanya. Tano bai biyo mu ba. Alhaji ya ce a bar shi a lambu, ai babbar salla na tafe, kuma ba shi da wanda zai tayar masa da wuta sai Malam. Malam ya amince da sharaɗin a ɓoye gatari da manyan gumagumai. Na yi sallama da sabon mijina yana barci, bai ko buɗe ido ya dubi tsohuwar matarsa ba.

Mun iso Clichy-sous-Bois kafin magariba, mota da tufafinmu duk ƙamshin banda. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mun gode wa Alhaji Buba da Hajiya Dija, da Hajiya Ladi, da bayin Allah biyu da muka haɗu da su a hanya, ku ma da kuka yi ta addu'a daga gida Allah ya bar zumunci.

Ina sauke akwati na juya ban ga Malam ba. Can na hango shi a filin wasan yara, tsaye gindin wata bishiya, yana ƙwanƙwasa reshe da ɗan yatsa yana kasa kunne.

"Malam, ta hukuma ce."

"Kallo kawai nake yi."

"To kalle ta daga tagarmu ta sama. Zo ka ɗauki akwati."