Hannun da Baffa Yake Ɗaurewa

Ni bahago ne tun haihuwa, amma kusan duk damben da na yi a Tudun Wada da dama na yi shi, kuma ba da son raina ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da shimfiɗa hanyar jirgi ba, unguwar ma sabuwa ce, kowa baƙo. Da mahaifina ya rasu sai ƙaninsa, Baffa, ya ɗauko ni daga ƙauye. Mahauci ne, tsohon ɗan dambe, shi ke koya wa samarin mahauta. A gidansa nake kwana, a rumfarsa nake fawa, tuwon matarsa nake ci. To ta ina zan buɗe baki in ce masa a'a?

A dambe hannu ɗaya ake naɗewa da zare, shi ne na duka, ɗayan na kariya ne. Mutum ba ya ɗaure wa kansa, mai koya masa ke ɗaurewa. Ranar farko na miƙa hagu, ya make shi, ya ce hannun tsarki ba ya shiga fage a gidansa. Na miƙa dama. Sai daga baya Inna, matarsa, ta tsegunta min cewa wani bahago ne ya zubar masa da haƙoran gaba a bainar jama'a, ta kuma roƙe ni kada in nuna na sani.

Kullum bayan la'asar muna filin bayan gida, shi yana tsaye a bayana da tsumagiya. Da hagun ya ɗaga zai kai duka, sai in ji tsumagiya a kafaɗa. Bakinsa kuwa ya fi tsumagiyar zafi. Wai ni rago ne, tunkiya ta fi ni zuciya, asarar tuwo nake yi masa. In na yi abin kirki sai ya kau da kai ya tofar da goro. Har ta kai ina cikin karawa amma fuskarsa nake nema, ba ta abokin karawa ba. Samari biyu suka gudu leburanci wajen jirgi saboda bakin nan nasa. Su suna da inda za su, ni ba ni da.

Kaka bayan kaka ana kashe ni a fage, wato ana kai ni ƙasa. Makaɗa ba su taɓa ɓata kalangu a kaina ba. Abin da ke ci min rai shi ne na san abin da ke cikin hagun nan. In ba kowa a mahauta nakan zabga wa naman da aka rataye, wallahi har igiyar sai ta yi kuka. Sau ɗaya kawai nake so a gani.

Na sa Inna ta roƙi Baffa ya ɗaure min hagun, na sa abokansa. Shekara da shekaru, shiru. Sai ranar da samarin Tudun Jukun suka zo karawa da mu, jama'a sun cika fage, ya kira ni yana huci, ya fizgo hagun da kansa, ya naɗe shi har yatsuna suka mutu.

"Ga shi nan," ya ce. "Je ka nuna mana."

Na shiga fage. Abokin karawata bai saba da bahago ba, ya bar muƙamuƙinsa a buɗe kamar ƙofar zaure. Hannun ya taso, ya kai kafaɗa, sai ya tsaya cak yana jiran tsumagiya. Baffa yana can bakin fage, hannunsa ba komai, amma na waiwaya na dube shi. A nan aka same ni. Da na farfaɗo ƙasa ce cike da bakina.

Shi ya kwance min zaren. Bai zage ni ba, har ruwa ya ba ni, abin da bai taɓa yi ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ka gani ko? Ai na gaya maka wannan hannun ba na dambe ba ne."

Na so in ce shi ya kashe hannun. Amma daren nan ma a gidansa zan kwana. Na ce, "Haka ne, Baffa."

Washegari bayan la'asar ya ɗauko zare. Tun kafin ya nema, ni da kaina na miƙa masa dama.