Na Saci Jin Kaset, Na Ɗora wa Aminina

A shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi, ni saurayi ne mai dillancin albasa a Aliero, kuma idan ana neman mai surutu a garin to ni za a fara nunawa. Ba na yarda a rufe zance ba da tawa ba. Ina da babur, ina da murya, kuma ina da amini guda ɗan Maiyama wanda muke sana'a tare, muke kwana ɗaki ɗaya a bayan rumfar da ake ɗura albasa a buhu. Shi mutum ne mai shiru, sai ya yini bai ce komai ba in ban da gaisuwa da ciniki. Na rubuto ne domin abin da na yi masa ya daɗe yana cina, kuma na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

A lokacin akwai wani dogon labari da ake sayarwa a kaset a kasuwar Jega, wani mai daɗin murya ne yake ba da shi kashi-kashi. Labarin wata daula ce a bayan kogin wuta, wadda sarkinta ya mutu aka rasa magaji. Ƙanen sarkin, mai hawan wani ƙaton tsuntsu, ya ce sarauta tasa ce. Sarauniyar aljanun tsibiri ta ce ita ma tana da haƙƙi. A tsakaninsu kuma ga wani waziri mai ido ɗaya, yau yana nan gobe yana can, kowa ya tsane shi. Bayan la'asar, idan an gama ɗinke buhuna, sai mu taru a rumfar, maigidanmu dattijo ya ajiye rakoda a kan buhu a saurara. Har daga Jiga Birni mutane ke zuwa a kan keke.

Daɗin abin ba a saurare yake ba, a gardamar da ke biyo baya yake. Da kaset ya ƙare sai rumfa ta rabu biyu. Masu goyon ƙanen sarki su ce jini ba wasa ba ne, gidan sarauta ba ya fita daga gida. Mutanen sarauniya su ce wanda ya ciyar da talakawa a shekarar yunwa shi ya cancanci mulki, ko da aljani ne. Lokacin kuwa ana ta hayaniyar jam'iyyu biyu a ƙasar, sai ka ji an fara da tsuntsu an ƙare da zaɓen ciyaman. Ni ne jagoran 'yan ƙanen sarki, kuma ni ake juyowa a tambaya me zai faru a kashi na gaba. Doka ɗaya ce a majalisar, dattijo ne ya kafa ta: ba wanda zai ji sabon kashi shi kaɗai kafin a taru. Wanda aka kama ya saci ji, to ya zauna ya saurara in yana so, amma bakinsa ya mutu a gardama har labarin ya ƙare. Ni aka amince wa da ɗauko kaset daga Jega saboda babur ɗina.

Wata rana ana cikin zagin waziri, sai aminina ya ɗaga kai ya ce shi a ganinsa wazirin nan ba maci amana ba ne, akwai wanda yake ɓoyewa, kuma duk yawon da yake yi tsakanin ɓangarorin biyu jan lokaci ne. Aka yi dariya, ni na fi kowa, har na ce albasa ce ta shiga masa ƙwaƙwalwa. Amma ya kawo dalili. Ya ce a lura, duk garin da waziri ya bari aka ƙone, sai an kwashe mata da yara tukuna. Ya ce kuma za a ga tsuntsun zai ƙi cin abinci a hannun ƙanen sarki. Kashi na gaba ya zo, tsuntsu ya ƙi ci. Daga nan abubuwa suka sauya. Da kaset ya tsaya sai idanu su wuce ni su sauka a kansa. Dattijo da kansa ya fara cewa a yi shiru a ji ta bakin ɗan Maiyama. Wallahi na ji zafi, zafin da ban taɓa ji ba ko ranar da aka ƙwace mini ciniki. Ina kwance kusa da shi ina jin haushin numfashinsa. Mutumin da nake ganin ni na koya masa zama cikin jama'a, shi ake wa tafi.

Ranar da na ɗauko kashin da kowa ke jira, sai na ari ƙaramar rakoda a wurin wani mai shayi a Jega, na ce zan gwada batir. Na fita bayan gari, na zauna a gindin wata bishiya na ji shi daga farko har ƙarshe. Aminina ya yi gaskiya. Waziri ya ɓoye jaririyar sarki a gidan masunta, kuma idonsa ma a wajen kare ta ya rasa shi. Da ina da hankali da na koma na yi shiru, in taya shi murna. Maimakon haka na juya kaset ɗin baya, na isa Aliero, na ja dattijo gefe. Na ce masa ina zargin aminina yana zagayawa Jega yana jin labarin a wurin mai kwafin kaset, domin ba mai hasashe haka sai wanda ya ji. Na ce a sa ido yau, idan ya tabbata waziri na ɓoye wani, to ba sai na ƙara magana ba.

Aka taru aka kunna. Da asirin waziri ya fito, rumfa ta kaure da ihu, aminina yana murmushi yana kallon ƙasa. Sai dattijo ya kashe rakodar, ya ce yana da tambaya ga ɗansa na Maiyama, ya gaya wa jama'a ko ya saci ji. Aminina ya ce wa dattijo, da ladabinsa, shi bai taka Jega ba tun farkon kakar albasa. Wasu suka ce ya rantse. Ya ce ba zai ɗauki sunan Allah a kan tatsuniya ba, amma ga shaidarsa nan, ya nuna ni. Ya ce ni na san duk makon nan a gonakin Danwarai muke yini tare muna sayen albasa, in ban da zuwana Jega ɗauko kaset yau, kuma ɗaki ɗaya muke kwana. Gaskiya ya faɗa, kowace kalma. Ni kuwa na ɗaga kafaɗa na ce ba a aljihuna nake ajiye shi ba, ban san inda yake zuwa ba idan na juya baya. Aminina ya ɗauki takalmansa ya fita.

Kafin kaka ta ƙare ya raba sana'a da ni ya koma Maiyama. Na samu kujerata, amma gardamar ta zama lami. Duk abin da na faɗa sai a gyaɗa kai, ba mai kawo abin da zai sa in yi tunani. Mutanen Jiga Birni suka daina zuwa. Kashin ƙarshe mu kaɗan muka ji shi, ba wanda ya ko yi musu, kowa ya kama hanyar masallaci.

Sai da na yi aure na haihu sannan na iya zuwa Maiyama. Na same shi yana ban ruwa a fadama, na faɗa masa komai ina kuka kamar yaro. Bai ajiye aikinsa ba. Ya ce ai shi ya shina tun ranar, domin lokacin da asirin ya fito kowa ya zabura, ni kaɗai ban motsa ba, dattijo kawai nake kallo. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira. Sannan ya faɗi abin da har yau idan na tuna sai abinci ya fita raina. Ya ce shi labarin bai dame shi ba sosai. Ya ga ina kayar da kowa cikin sauƙi har na fara gajiya da majalisar, shi ya sa yake yini yana tunanin waziri a gona, don in samu abokin karawa, saboda ba abin da yake so kamar ya ji ina zuba gardama. Na roƙe shi mu koma kamar da. Ya ce zumunci na nan, amma ba zai sake iya nuna ni a gaban mutane ya ce ga shaidarsa ba.

Muna gaisawa har yau a wurin suna da jana'iza, gaisuwa mai kyau, irin wadda ake yi wa kowa. Abin da na koya shi ne, hassada ba ta jiran babban abu, a kan waziri da tsuntsun da babu su a duniya na yi ƙaryar da ta raba ni da mutum na gaske. 'Yan'uwana masu gardama a majalisa, ko ta labari ce ko ta siyasa, idan kun ji ranku ya ɓaci don an yaba wa na kusa da ku, ku tashi ku sha iska kafin ku buɗe baki. Gafara ana samunta, ni ma na samu. Yardar da ya ɗauke ce ban sake gani ba.